Me Ya Sa Ma'aikatan Lafiya Ba Su Daɗewa a Ƙauyukanmu?

A tarurrukan ƙungiyoyinmu na gama kai a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, in an gama maganar taki da iri da bashi, akwai wani kuka da ba ya rasa tasowa, watau kukan asibiti. Wannan ya ce an kawo musu ungozoma, ba ta cika wata shida ba ta nemi canjin wuri. Wancan ya ce malamin asibitinsu mutumin kirki ne sa'ad da ya zo, amma yanzu ya zama mafaɗaci, gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa. Wani kuma ya ce sun kai mace mai naƙuda da tsakar dare, suka tarar da ƙofa a kulle.

Kukan nan gaskiya ne, ba mu musa ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. A wannan fitowa muna so mu dubi al'amarin ta wajen ma'aikacin da kansa: wane irin kaya yake ɗauke da shi, me yake gajiyar da shi, me kuma zai sa ya zauna tare da mu. Gama ginin asibiti, kome kyaunsa, ba ya karɓar haihuwa, ba ya yin allura. Mutum ne yake yi. In mutumin ya tafi, ginin ya zama gidan jemagu.

Kayan da ke kansu

Bari mu fara da lissafi. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya duka a 2018 ya nuna cewa a jihar Kebbi, cikin yara 1,000 da aka haifa, 252 ba su kai shekara biyar ba. Babu jihar da ta kai wannan adadi a lokacin. Binciken ya kuma nuna cewa cikin haihuwa 100, kamar 3 kaɗai aka yi a hannun wanda ya koyi aikin a makaranta. Wani binciken da aka yi a 2021 ya tarar da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar, watau kusan rabinsu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana bukatar likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomomi kamar 45 ga kowane mutum 10,000. Kowa ya ƙirga ma'aikatan asibitin mazaɓarsa, sa'an nan ya ƙirga jama'ar da ke dogara da su, zai ga nisan da ke tsakani. A ƙananan asibitocin ƙauye babu likita sam. Malamin lafiya na karkara shi ne kome. Shi zai yanki kati, shi zai duba mara lafiya, shi zai yi allura, shi zai wanke miki, shi zai cika manyan littattafan rajista, shi kuma zai hau babur ya je karɓo maganin rigakafi. In mace ce, da dare ma ita za a buga wa ƙofa.

Shekarar da ba ta da hutu

Manomi yana da lokacin da yake jingine fartanya. Ko masu noman albasa na Aliero sukan ɗan sami sarari tsakanin cirar albasa da saukar ruwan fari. Ma'aikacin lafiya kuwa kowane lokaci na shekara da irin nasa aikin.

Da bazara, sa'ad da zafi da ƙura suka yi yawa, lokacin sanƙarau ne da ƙyanda. Ba mu manta da 2025 ba. A watan Maris na shekarar gwamnatin jiha ta ba da sanarwa cewa ana zaton mutum 248 sun kamu da sanƙarau, 26 kuma sun rasu: 15 a Gwandu, 6 a Jega, 4 a Aliero, 1 a Argungu. Kafin cutar ta lafa adadin ya ƙaru. An keɓe wuraren jinya a Gwandu da Jega da Aliero, ma'aikata suka yi ta aiki dare da rana cikin wannan zafi, suna sane cewa su ma cutar tana iya kama su.

Da damina kuwa sai zazzaɓi ya sauko. Ana bin gida gida ana ba ƙananan yara maganin kariya sau ɗaya a wata, wata huɗu a jere. A daidai wannan lokaci ne rumbu yake yin ƙasa, tamowa ta kama yara. Tun 2022 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta buɗe wurin kwantar da yara masu tamowa a babban asibitin Maiyama. A 2024 ƙungiyar ta ce wuraren jinyarta a arewacin Nijeriya sun cika maƙil, har a waɗansu ana shimfiɗa katifu a ƙasa.

A watan Disamba 2024 aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, aka kuwa fara da jihohin Kebbi da Bayelsa. Abin murna ne ƙwarai. Amma sau huɗu ake yi wa kowane yaro, kowace allura kuma hannu ne yake yin ta, hannu ne yake rubuta ta a littafi. Ga kuma zagayen rigakafin shan-inna, ga awon ciki, ga masu haɗarin babur a kan hanyar Jega. Aiki yana ƙaruwa kowace shekara, hannuwan kuwa su ne dai na jiya.

Gajiya mai cin rai

Akwai gajiyar da barcin dare ɗaya yake warkarwa. Akwai kuma wadda take taruwa wata da watanni har ta ci ran mutum. A 1974 wani masanin halin ɗan Adam a Amurka, mai suna Herbert Freudenberger, ya lura da ita a wurin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta na birnin New York. Abin da ya ba shi mamaki shi ne, waɗanda suka fi ba da kansu ga aikin su ne ta fi kamawa. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa wannan gajiya daga wurin aiki take fitowa, in wahalar aiki ta daɗe ba a yi maganinta ba. Hukumar ta ba da alamunta guda uku.

Ta fari, ƙarfin mutum ya ƙare. Ya tashi da safe a gajiye kamar bai kwanta ba.

Ta biyu, zuciyarsa ta janye daga aikin. Mara lafiyar da dā yake tausaya wa, yanzu ya zama masa abin damuwa. A nan ne faɗa da tsawa suke fitowa.

Ta uku, aikinsa ya ragu, shi da kansa kuma ya ga kamar wahalarsa ba ta da amfani.

Mu manoma mun san wannan a wurin shanun noma. Ba mai hankalin da zai ɗaura wa shanu garma tun asuba har la'asar kowace rana, ba ruwa, ba harawa. In ya yi haka, sati biyu ya isa, san da ya fi kowane ƙwazo shi zai fara kwanciya a kunya, bulala kuwa ba ta tashe shi. Haka yake ga malamin asibitin da ya zama mafaɗaci. Sau da yawa ba halinsa ne ya ɓaci ba, an yi ta jansa ne ba a kwance masa karkiya ba.

Mu ne kuma muke biyan kuɗin wannan gajiya. Gajiyayye yana iya kuskuren awon magani. Macen da aka yi wa tsawa a wurin awon ciki ba ta komawa, sai ta haihu a gida. Ƙarshenta ma'aikacin ya nemi canji, ko ya ajiye aikin ya koma kasuwa.

Ina suke tafiya?

A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kamar 16,000 sun bar Nijeriya cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuwa kamar 55,000 ne, ga jama'a fiye da miliyan 200. A shekarar kuma hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya da ungozomomi rajista ta ce 42,000 sun fita cikin shekara uku. A watan Agusta 2024 gwamnatin tarayya ta amince da wani tsari domin rage wannan ƙaura.

Wani zai ce, ina ruwan Kimba ko Sabiyal ko Andarai da likitan da ya tafi Ingila ko Saudiyya? Ruwansu yana nan. In na babban birni ya tafi waje, sai a cike gurbinsa da na Sakkwato ko Birnin Kebbi. Gurbin Birnin Kebbi kuma na Jega ko Maiyama ne zai nema. Na ƙauye shi ma ya matso cikin gari, inda akwai wuta da ruwa da makarantar 'ya'yansa. Ƙauye ne a ƙarshen layi, ba shi da wanda zai jawo.

Mun riga mun ga darasi a kan wannan. A 2009 gwamnatin tarayya ta fara wani shiri na tura ungozomomi zuwa asibitocin karkara. Aka shirya tarayya za ta biya kowace Naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara 20,000, ƙaramar hukuma ta ƙara 10,000 ta kuma ba da masauki. A wurare da yawa cikin ƙasar nan jihohi da ƙananan hukumomi ba su cika nasu alkawarin ba. Ungozomomi da yawa suka tattara kayansu suka koma gida. Kawo ma'aikaci ba shi da wuya kamar riƙe shi.

Shugabanci

Ba mu raina maganar albashi ba, gama da ruwan ciki ake jan na rijiya. Hakkin gwamnati ne ta biya albashi a kan kari, ta ɗauki isassun ma'aikata, ta kawo magani da kayan aiki. Amma za ka ga asibitoci biyu, albashinsu ɗaya, talaucinsu ɗaya, a ɗaya ma'aikata suna daɗewa, a ɗayan kuwa kowa neman hanyar fita yake yi. Bambancin yakan zama na shugabanci.

Shugaban asibiti na kirki yana rubuta tsarin juyin aiki ya manna a bango, kowa ya san ranar aikinsa da ranar hutunsa, shi ma yana karɓar nasa rabon na kwanan dare. In an kira taron ƙara ilimi a Birnin Kebbi, ko aikin rigakafi mai alawus ya zo, yana juya shi a tsakanin ma'aikata, ba kullum shi da 'yan gaban goshinsa ba. Ba ya kunyata ƙaramin ma'aikaci a gaban marasa lafiya, sai ya kira shi gefe. In yaro ya rasu a hannun ma'aikaciya bayan ta yi iyakar ƙoƙarinta, ba ya barin ta ita kaɗai da dangin mamaci, yakan tsaya tare da ita, daga baya kuma su zauna su yi magana. Yana tura mutum hutunsa na shekara tun kafin ya faɗi. Duk waɗannan ba su bukatar ko kwabo.

Haka kuma masu zuwa duba aiki daga ƙaramar hukuma ko daga jiha. In zuwansu na neman laifi ne cikin littafin rajista kawai, ma'aikaci yakan koyi ɓoye matsala. In kuwa sun tambaya, "Me ya fi damunku a nan?" suka kuma koma da amsar inda za a yi aiki da ita, ma'aikaci yakan ji ba a jefar da shi ba.

Akwai shugabanci na uku, shi ne namu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shiga na tarayya domin kiwon lafiya matakin farko. Ana tura wani kaso daga ciki kai tsaye zuwa asusun asibiti guda a kowace mazaɓa, jihar Kebbi kuwa tana da mazaɓu 225. A tsarin, kowace mazaɓa tana da kwamitin raya mazaɓa, daga Firchin cikin garin Jega har zuwa Jiga da Mungadi, kwamitin kuma yana da bakin magana a kan yadda ake kashe kuɗin nan. Mutum nawa ne a cikinmu suka san sunan shugaban kwamitin mazaɓarsu?

Ɗan gida ya fi zama

A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan riƙe ma'aikata a karkara, ta kuma sabunta su a 2021. Babba daga ciki ita ce a ɗauki 'ya'yan ƙauye a koya musu aikin, domin wanda ya tashi a ƙauye ya fi yarda ya koma ya zauna a can. Sauran sun haɗa da masauki mai kyau, wurin aiki mai tsaro, hanyar ƙara ilimi, da girmama ma'aikaci a bainar jama'a.

Wannan ba baƙon abu ba ne a arewa. Tun shekarun 1970 aka yi shirin lafiyar karkara a Garkida, cikin jihar Adamawa ta yanzu. Ƙauye ne yake kafa kwamiti, ya zaɓi mutanensa, a koya musu aiki na 'yan watanni, su dawo gida suna aikin lafiya suna kuma nomansu. Ba mai neman canji daga garin da aka binne cibiyarsa.

Mu kuwa makaranta tana ƙofar gidanmu. Kwalejin kimiyya da fasahar lafiya ta jihar Kebbi tana cikin garin Jega, ana kuma koyon jinya da ungozomanci a Birnin Kebbi. Abin da ya rage shi ne mu bar 'ya'yanmu, musamman mata, su gama sakandare su shiga. Mu tuna kuma, a asibitoci da yawa akwai waɗanda suka gama karatun, suna aikin sa kai ba albashi, suna jiran ranar da za a ɗauke su. Su ma suna ci, suna sha.

Abin da ƙungiyar gama kai za ta iya yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Asibitin mazaɓa na kowa ne, saboda haka kome za mu yi, mu yi shi tare da mai gari da shugabannin addini da sauran maƙwabtanmu.

1. Ku nemi kwamitin mazaɓarku. Ku tura mutum biyu, namiji da mace, su riƙa zuwa taronsa suna kawo wa ƙungiya labari.

2. Ku duba inda ma'aikaci yake kwana. In rufin yana yoyo, ko babu makewayi, ko babu katanga, gayya ta kwana biyu ta isa. Ungozomar da take kwana kusa da asibiti cikin kwanciyar rai ita ce za ta buɗe ƙofa da dare. Ku kuma shirya mai gadi.

3. Ku duba ruwa da haske. Ba daidai ba ne mai karɓar haihuwa ta riƙe tocila a baki, ko ta tafi rijiya da kanta. Fitila mai aiki da hasken rana da randa biyu a cike kullum ba su fi ƙarfin ƙungiya ba.

4. Ku ba ma'aikaci aron 'yar gona, ko ku ware masa rabo da kaka, musamman masu aikin sa kai. A yi shi a fili ta hannun kwamiti, kada ya zama toshiyar baki.

5. Ku kafa asusun gaggawa, ku kuma yi magana da masu babur da mota tun kafin bukata ta taso. In ma'aikaci ya ce a wuce da mara lafiya babban asibitin Jega ko Aliero ko Maiyama, kada a kwana ana neman kuɗin mai.

6. Ku rage musu kaya. Ku kawo yaro ran da zazzaɓi ya fara, ba sai ya sanƙare ba. Ku kwana cikin gidan sauro. Kayan garin kunun da ake kira Tom Brown duk daga gonarmu suke: yawanci mudu 6 na gero ko dawa, mudu 3 na waken soya, mudu 1 na gyaɗa, a soya a niƙa. Kowane yaron da bai kamu da tamowa ba, gado ɗaya ne aka rage wa Maiyama.

7. Ku ɗauki nauyin karatun yarinya ɗaya ko yaro ɗaya daga asusun ƙungiya, bisa yarjejeniya a rubuce cewa zai dawo ya yi wa garinsa aiki na waɗansu shekaru.

8. In kuna da ƙara, ku kai wa kwamiti. Akwai ma'aikata masu sakaci da gaske, bai kamata a rufa musu asiri ba. Amma zagi da barazana a ƙofar asibiti na kirkin suke kora. Kukansu ma, na albashi ko ƙarin ma'aikata ko magani, ku taya su kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma. Muryar manoma ɗari ta fi takardar malamin asibiti ɗaya nauyi.

9. Ku gode musu. Ku gayyace su suna da biki, ku yi musu ta'aziyya in sun yi rashi, ku ambaci sunansu a taron gari. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Tambayoyi domin taronku na gaba

Ma'aikata nawa ne suka zo asibitinku suka tafi cikin shekara biyar da suka wuce? Akwai wanda ya tambaye su dalili?

Yaushe rabon ma'aikacinku da hutu? Wa yake riƙe masa aiki in shi ma ya kwanta ciwo?

Cikin abubuwa tara na sama, wanne za ku iya gamawa kafin damina mai zuwa? Wa zai shugabanci aikin?

Ku tattauna, ku gayyaci malamin asibitinku ko ungozomarku su zauna a taron, ku bar su su fara magana. Abin da kuka shirya kuma ku aiko mana, domin waɗansu ƙungiyoyi su koya daga gare ku. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.